Mairam Mai Awo, Wadda ta Tayar Mana da Lauwali Tsaye

Duk safiyar Litinin, kafin masu koko su kwashe tukwanensu, za ka ga Mairam ta fito daga lungunsu na Kanti, farar rigarta ta sha guga, mayafi a kafaɗa, 'yar jaka a hammata. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa, gaisuwa ma tana tafe take yin ta. In ta isa ɗakin awo sai ta share gindin darbejiyar da kanta, ta shimfiɗa tabarmi uku, ta rataye sikelinta a reshe, ta ɗan ja ƙugiyar ta ga allurar ta koma inda ya kamata. Sannan ta zauna a benci ta ɓare goro ɗaya, ta ci rabi, ta ƙulle rabi a gefen mayafi. Wannan rabin ba ya kai azahar. Ni shaida ce, don ni nake zuwa in karɓe shi.

Daga nan sai mata su fara zuwa da goyo. A zura wa yaro wandon awo, a rataye shi yana tsala ihu yana harba ƙafa, ita kuwa ta dubi allura ta ɗiga ɗigo a katinsa, ta tambayi uwar me ya ci jiya. Talata tana Roni, Laraba Gwiwa, Alhamis Babura, a landirobar gwamnati in tana da lafiya, in ba ta da lafiya a motar 'yan kasuwa. Haka ta yi tun shekarar da aka sami mulkin kai, lokacin En'e ce ke biyan ta, har wannan watan da ta ajiye aiki. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Ni Dela nake, ta unguwar bayan kasuwa. Na yi ajin yaƙi da jahilci wata takwas, na fito da abin da zai ishe ni in rubuta wasiƙata in kuma karanta ta maƙwabta in an bar ta a buɗe. Bafillatanar gida ce ni, ba mu da ko saniya ɗaya sai tsawon hanci. Mairam kuwa 'yar Baba Kura ce mai kanwa, wanda ya zo daga gabas da jakuna ya ga Kazaure ta yi masa ya zauna. Babarbariya ce, don haka baiwata ce ko ta so ko ta ƙi. Ita ma haka take faɗa a kaina, har yau ba a sami wanda zai raba mu ba.

A shekarunta na farko ramammun yara ta yi ta fama da su, masu tamowa da waɗanda ƙyanda ta tsotse. Hamma direban landiroba ya ba ni labari, wata damina motar ta kafe a laka kafin a kai Kanya Babba, ya ce su juya sai wani makon. Ta ce ta yi wa wata mai 'yan biyu alkawari. Ta tuɓe takalmi ta ɗora sikeli a ka ta shiga ruwa, shi kuma kunya ta sa ya ɗauki akwatin kati ya bi ta. A Roni har gobe kunun gero da aka niƙa da gyaɗa da wake, kunun Mairam suke ce masa, ko da yake rabinsu ba su san wace ce Mairam ɗin ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Nawa laifin zan faɗa, don a ciki za a ga irin aikinta.

Da kuɗin mai suka shigo gari, kantuna suka cika da madarar gwangwani da sukari mai ƙwaya da biskit da lemon kwalba. Matan ma'aikata suka fara yawo da bulumboti, kwalbar shayar da jariri, a jaka kamar turare. A lokacin ne aka kira masu awo kwas a Kano, Mairam ta dawo tana cewa katin nan layi biyu gare shi, na ƙasa da na sama, kuma yaron da ya haye na sama shi ma abin dubawa ne, ƙiba ba lafiya ba ce. Mata suka yi ta dariya, ni na fi kowa. Na ce gwamnati ta ƙoshi ta rasa aikin yi, ta koma ƙirga wa jarirai loma. Na faɗa a gidan suna uku, kuma ko'ina an yi shewa.

A shekarar ne ɗana Lado ya sami kwangilar kai tsakuwa aikin titi, gidanmu ya fara ƙamshi. Matarsa Abu 'yar Hajiya Batulu ce, wadda ta je Makka a jirgin sama ta dawo da haƙorin zinariya, tun daga ranar kuma ba ta sake dariya baki rufe ba. Ɗansu na fari shi ne Lauwali, angona. Yana da shekara biyu ba wata biyu aka yaye shi. Da ƙafarsa ya shigo zaurena, yana bin kaji da kara.

Ɗan yaye kuwa mutuncin kaka ne. Yadda kika mayar da shi, haka za a auna ki a unguwa. Ni na ce ni ce uwar uba, wurina zai zauna. Hajiya ta ce jikanta na fari ne, ba za ta bar shi gidan da ake dama kunu da tsamiya zalla ba. Da manya suka gaji da mu, suka ce tunda gida huɗu ne tsakaninmu, ya kwana wurina ya yi hantsi, daga azahar zuwa magariba a kai shi gidan Hajiya. Kowa ya ce an yi adalci. Ba wanda ya tambaya wa zai ciyar.

Ni dai na san Hajiya ba ta iya komai ba sai gwalli, don haka kafin in miƙa shi sai na tabbata ya cika. In zaunar da shi a cinya, in tara kunu a tafin hannu a bakinsa, in toshe hancin da ɗan yatsa, ya haɗiya ko ya so ko bai so ba. Ɗura ce, da ita aka raine ni, da ita na raini Lado. Sai dai kunun da aka ɗura mini ba shi da sukari ƙwaya shida, ba shi da man shanun da 'yan'uwana ke aiko mini daga Gwiwa. Ita ma Hajiya, ashe da an sauke mata shi sai ta latsa cikinsa ta ce Bafillatana ta bar mata jika da yunwa, ta dama madara mai kauri, ta jiƙa biskit a ciki, ta bi da lemon kwalba.

Wata biyar muka yi a haka, yayen da ake yi a kwana arba'in muka ƙi mayar da shi. Angona ya zama abin kallo. Wuya ya ɓace, kumatu suka rufe ido, mata na tare ni a hanya suna cewa wannan ɗan gidan kwangila ne. Ni kuwa sai ƙara faɗi nake. Sannu a hankali ya daina bin kaji. Ya koma rarrafe, daga baya rarrafen ma ya bari, sai jan gindi. Barcin rana yake yana minshari kamar dattijo, matsematsinsa da naman wuyansa duk suka saɓe. In an tsayar da shi sai ƙafafun su buɗe kamar baka, ya zube yana kuka. Na ce bakin mutane ne, na karɓo rubutu da turare. Hajiya ta ce lalaci ne ya gado a danginmu. Na aika mata amsa ta bakin mai kitso, ba zan rubuta ta a nan ba.

Duk wannan Abu tana gani. Takan zo gaishe ni, ta durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana," ta kalli bango. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta ce wa uwar mijinta ko uwarta ga abin da kuke wa ɗana. Mu kuma muna yabon kunyarta.

Abin da ta yi, sai bana ta gaya mini da bakinta, da ta ji Mairam za ta bar aiki. Wata Litinin ta je ɗakin awo ba goyo, ta zauna a ƙarshen tabarma har kowa ya watse. Da Mairam ta tambaye ta lafiya, sai ta ce akwai wani yaro a unguwarsu, da yana tafiya, yanzu ya daina. Mairam ba ta tambayi sunan yaron ba, ba ta tambayi ɗan wa ne ba. Cewa kawai ta yi ta je gida, maƙwabtan nan za su yi baƙuwa ranar Juma'a.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga Mairam da sallama, wai ta zo ta ga ko baiwarta tana share gida. Na ce ta tuɓe takalmi a zaure, bayi ba sa shigo mini da takalmi. Muka sha dariya, ta ɗauki Lauwali tana yi masa wasa, amma na lura hannunta na bin wuyansa da gwiwoyinsa. Ta ce kai, wannan reno sai wadda ta iya, me nake ba shi? Na buɗe baki na zuba. Ta ce tana so ta koya wa matan ɗakin awo, ranar Lahadi in haɗa mata duk abin da yake ci a wurina yini guda ta gani da ido. Ashe kashegari ta je gidan Hajiya ta gurfana ta gaishe ta, ta yaba haƙorin, ta roƙi abu ɗaya, ta ce amma a kawo gidana don nan yaron yake kwana.

Ranar Lahadi na shirya nawa, har na ƙara ludayi biyu don kada a raina ni. Sai ga Hajiya da tire a rufe da ƙyalle, ita ma na san ta ƙara. Muka kalli juna, ba wadda ta san da zuwan kayan 'yar'uwarta. Mairam ta shimfiɗa tabarma ɗaya ta jere komai a kai. Kwano uku na kunu, man shanu na yawo a sama, fura da nono, tuwo da miya ta ji mai, kofi uku na madara, biskit ƙunshi guda, lemo kwalba biyu, ga sukarin da muke jefawa ta tara shi gefe guda ya yi tudu. Ta wanke hannu ta zauna ta dube ni.

"Inna Dela, ke da kika fi shi ciki, bisimilla. Cinye mini."

Na ce Bafillatana ba ta gudun nono a gaban Babarbariya. Na ja kwano. Na farko ya wuce lafiya, na biyu da ƙyar, da na kai kan madarar nan mai biskit sai zuciyata ta fara tashi, gumi ya karyo mini. Hajiya ta yi dariya har haƙorin ya haska tsakar gida. Mairam ta tura mata ragowar cikin ladabi ta ce Hajiya a taimaka wa Inna, ai rabin kayan nata ne. Dariyar ta tsaya.

Sannan ta ciro sikeli daga jaka ta rataye a mangwaron tsakar gida, muka kama mata muka ɗaga yaron mu biyu. Ta ɗiga ɗigon a kati, can sama da layin, kusa da bakin takarda. Wasa ya bar fuskarta.

"Ƙashin ƙafarsa na ɗan shekara biyu ne, kayan da kuka ɗora masa na ɗan shekara biyar ne. In muka bar shi haka ƙafar za ta lanƙwashe ta ƙage, kuma ba ni da maganin miƙe ta. Yanzu ne da sauran dama."

Ba ta ce wane ya yi laifi ba. Ta ce ba ramar da shi za a yi ba, jira za a yi tsawonsa ya kamo nauyinsa. A bar ɗura, a bar sukari da lemo, ya ci abin da gida ya ci da hannunsa, da zogale da wake da ɗan kifi in an samu, in ya ture kwano a ɗauke. A sauke shi daga baya a bar shi a ƙasa cikin yara. Gida ɗaya zai ba shi na safe da na rana, ɗayan ya ba shi na yamma. Hajiya ta amsa tana share ido da gefen mayafi. Ni ma na amsa, amma da baki.

Kwana takwas na daure. Yaro ya saba da zaƙi, aka ajiye masa tuwo ya ture, ya yi ta kuka yana miƙo mini hannu. A rana ta tara da hantsi, Litinin ce, na leƙa na ga ba kowa, na dama kunu na jefa ƙwaya huɗu, na kai shi bayan rumbu. Ya datse baki, na toshe hanci. Ya ja numfashi ya ja kunun tare. Idonsa ya kafe, leɓensa ya canza launi, ko tari ya kasa. Ban san lokacin da na saɓe shi na fita ba, ba mayafi ba takalmi, tsohuwa da ni ina gudu ta tsakiyar kasuwa da yaron da da ƙyar nake ɗagawa.

Na same ta a gindin darbejiya, mata cike da tabarmi. Ta karɓe shi ta kifa a cinya, kai ƙasa, ta bubbuga bayansa da tafin hannu. Ban san sau nawa ba. Sai kunu ya fito ta baki ta hanci, ya yi tari, ya tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Mata suka taso suna tambaya. Ta ce musu ƙwarewa ya yi, kowa ta koma ta zauna. Ta cire mayafinta ta yafa mini, ta ja ni cikin ɗaki ta rufo ƙofa. Na jira zagi. Ruwa ta ba ni.

"Inna, yaron da ya rufe baki ya ƙoshi ne. Hannunki ya fi bakinsa ƙarfi, na sani, amma cikin nasa ne."

Ba ta gaya wa Lado ba, ba ta gaya wa Hajiya ba, Abu ma sai a wannan takardar za ta ji. Ni na san halina. Da ni na riƙe irin wannan labari a kan wata, da kafin la'asar ya isa Yankwashi. Ke kuwa Mairam shekara shida kina ganina ina zuwa karɓar goro ina kiran ki baiwa, ba ki taɓa ko ɗaga mini gira a kai ba.

Daga ranar hannuna bai sake taɓa hancin yaro ba. Duk Juma'a bayan ta taso, ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta, sai ta biyo ta auna shi, ta jingina shi da bango ta ja layi da gawayi a saman kansa. Allura ta tsaya wuri ɗaya, layin gawayi yana hawa. Sau ɗaya ta raka Lado Kano suka nuna wa likita ƙafar, aka ce a ci gaba da abin da ake yi. Kumatu suka fara sauka, unguwa ta ɗauka cewa kwangila ta karye, har wata ta aiko mana da gero wai sadaka. Hajiya ta kwana biyu ba ta fita ba don takaici. Na kai wa Mairam ƙara, ta ce bakin da na yi wa gwamnati ba'a da shi a gidan suna uku yana nan, in koma gidajen in gyara. Na koma. Na ba da labarin tabarmar Lahadi, da yadda na kasa cinye abincin ɗan shekara biyu, na ƙara gishiri a wajen Hajiya. Aka yi dariya fiye da ta farko, amma Litinin ta gaba sai ga matan ma'aikata uku a gindin darbejiya da lukutayen 'ya'yansu.

A wata na bakwai da barin ɗura, an yi ruwa da safe an ɗauke, ina tsince shinkafa, ɗan akuya ya zo ya sa baki a kwanonsa. Angona ya dafa turmi ya miƙe. Ɗan akuya ya yi zaure, ya bi shi yana tangaɗi. Ban kama shi ba, na bi bayansa. Ɗan akuya ya sha kwana, shi kuwa ya miƙe lungu, ya wuce gidan mai kitso, ya shiga gidan ubansa. Abu tana daka. Ta ga wanda ya shigo, taɓaryar ta tsaya a sama. Ya je ya rungume ƙafarta. Ta dube ni ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a kama yaron nan kada taɓarya ta same shi." Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Na yi kamar ina neman ɗan akuya na fita na bar su.

Yau Lauwali yana aji uku, ƙwallo yake bugawa har sai an je an kamo shi. Ƙafar hagu ta ɗan karkata kaɗan, sai ka lura za ka gani. Ni kullum ina lura.

Ran Asabar aka yi wa Mairam sallama a ɗakin awo. Aka ba ta agogon bango, wani babba ya yi jawabi ya kira ta Maryamu sau biyu, aka raba biskit da lemon kwalba. Na ga ta kalli akwatin lemon ta kalle ni, muka kau da kai don kada mu ɓata taro.

Mairam ta Baba Kura, mai sikeli ba saye ba sayarwa. Ke ce kika ji maganar uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta. Ke ce kika shiga tsakanin tsofaffi biyu masu taurin kai kika fito ba ki kunyata ko ɗaya ba. Takardar da aka ba ku a Kano da an ba wani, da a bango za ta ƙare. Ke kika ɗauke ta kika shigo da ita har bayan rumbuna. Na gode, Lado ya gode, Hajiya Batulu ta ce in sa sunanta a masu godiya, na sa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Hafsatu, yarinyar da aka kawo a madadinta, kin ji irin wadda kika gada. Ki riƙa duba ƙarshen tabarma, wadda ta zo ba goyo wataƙila ita ta fi kowa magana. Ku kuma 'yan'uwana kakanni na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ku kai jikokinku awo, ramamme da lukuti duka, in ta faɗa muku abin da ba ku so ku daure ku ji.

Wata mai kamawa za a kawo mini ƙanwar Lauwali yaye. Hajiya ta ce ta bar mini ita ni kaɗai, Abu kuma ita da kanta ta ce wurin Inna za a kai. Da ƙafarta za ta shigo, kwana arba'in, in Allah ya yarda da ƙafarta za ta koma.